Tsiron da Ba a Binnewa

Shekara ashirin ta yi tana taka keken ɗinki kafin bayanta ya ce ya gaji. Har yau a layinsu Tela ake ce mata, ko da yake yanzu tsiro take ɗaurewa a jikin dutse. Ɗakin da keken ya bari ta cika shi da tankunan gilashi shida, irin waɗanda ake zuba kifin ado. Takan samo duwatsu masu ramuka, ta tafasa su, ta kankare, ta ɗora ɗan tsiron ruwa a bakin rami, ta naɗe shi da baƙin zare. Bayan wata biyu saiwa ta kama dutsen da kanta, sai ta warware zaren. Masu shagon kifi rububin kayanta suke yi.

Doka ɗaya ce a sana'ar, kuma ta faɗe ta a gidan nan har ta gaji: wannan tsiro ba a binne shi. Yana da wani kara mai kaurin ɗan yatsa da ke kwance, ganye ta sama, saiwa ta ƙasa. Da ka rufe karan da ƙasa, ya ruɓe.

Duk abin da ta taɓa sayarwa daga tsiro guda ya fito. Shekara tara yana zaune kan wani jan dutse a tanki na farko, daga jikinsa take yanko 'ya'ya. Uwa take kiran sa.

Sai 'yarta ta haihu a wani gari, ta tafi kwana goma sha biyu. Aikin da ta bar wa maigidan bai taka kara ya karya ba: ya kunna fitila da safe, ya kashe da yamma, ya watsa wa kifi abinci. A makon ne kuwa yayan maigidan ya sauka gidan, ya zo ganin likitan ido. Mutumin nan shekara arba'in yana aikin lambu, kuma bai taɓa duban aikin wani ya ce ya yi daidai ba. Ya leƙa tanki, ya ga saiwa a fili, wai tausayi ya kama shi. Tausayi! Ya tsamo duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsinke zaren, ya cika ramukan da baƙar ƙasa da taki, ya danna kowane tsiro har wuya, ya mayar cikin ruwa. Ƙanen nasa kuwa yana tsaye yana riƙe masa bokiti. Wannan ne ma ya fi ban haushi.

Wari ne ya tarye ta tun daga bakin ƙofa. Ruwan ya koma kamar na kwata, rabin kifayen sun mutu. Ta zura hannu ta taɓa Uwa, karan ya narke a yatsunta kamar ruɓaɓɓiyar ayaba. Ta fito falo ta same su.

"Yaya, wa ya ce ka taɓa mini kaya?"

"Haba, ƙanwata, ko sannu da aiki babu? Tsirara fa na same su."

"A tsirara suke rayuwa! Shekara tara, Yaya. Ka kashe mini ita."

"To, ƙasar garin nan ce ba ta da kyau," in ji shi, ko a jikinsa.

Maigidan ya buɗe baki zai ba ta haƙuri. Ta juya ta watsa masa harara.

"Kai kuma sau nawa ka ji na faɗa? Ko bakinka ma binne shi aka yi?"

Kwana biyu ta yi tana zubar da ruwa, tana tone duwatsu da tsinke, tana kuka don takaici. Ko ɗaya bai tsira ba. Da ta zo wanke bokitin nan da aka ajiye a bayan ƙofa, sai ga wani ɗan guntu yana yawo a sauran ruwa cikin tarkacen zare. Bai fi farce ba, ganyensa biyu, kore shar. Yaya ne ya yar da shi, ya ga ya yi ƙanƙanta da shukawa.

Ta kankare jan dutsen tas, ta kawo shi falo, ta zauna a gabansu su biyu tana ɗaure guntun a jikinsa da zare. Yaya ya miƙo wuya.

"Wannan ma haka za ki bar shi, ba ko 'yar ƙasa?"

Ta datse zaren da haƙori.

"Shi kaɗai ka raina, Yaya, shi kaɗai kuma ya rayu."

Ta sa shi a ruwa, ta datse ɗakin da kwaɗo, ta jefa makullin a jakarta.