Giwayen Da Muka Jawo Gonar Baba

Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, na gama sakandare, kuma duk wanda ya san ni a layinmu na Unguwar Gano ya san ba ni da haƙuri ko kaɗan. Abin da ke raina shi ne a bakina. A gidan gwaggona na tashi, amma asalinmu wani ƙauye ne a jihar da ke maƙwabtaka da Kano, jingine da gandun namun daji. Can Baba yake da gonarsa ta dawa, can kuma yayana yake aikin jagora, yana shiga daji da baƙi a mota su kalli dabbobi.

Na samu aiki a wani ɗan ofis a Gyaɗi-Gyaɗi mai shirya wa mutane tafiya yawon buɗe ido zuwa gandun nan. Aikina in tara fasinja ta waya. Da hannuna na rubuta tallarmu, na ce duk wanda ya bi motarmu sai ya ga giwa ido da ido. Oga ya ji daɗi, mota ta riƙa cika. Sai damina ta yi nisa, aka je aka dawo, aka kuma komawa, ba giwa ba dalilinta, sai birai da barewa. Wata Hajiya daga Babban Giji ta zo har ofis ta wanke ni tas, ta ce in don birai ne ai yaranta na gida sun ishe ta kallo. Tana fita Oga ya ce in aka sake haka, in koma wanke-wanke a gidan gwaggona.

Ina cikin adaidaita sahu a hanyar gida na kira yayana, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ya ce da damina ruwa ko'ina ne, giwaye sukan lula tsakiyar daji inda mota ba ta zuwa. Na matsa masa, har ya faɗa min cewa wasu 'yan jagora kan zuba kanwa da gishiri a bakin tafki, in giwa ta lasa sai ta riƙa dawowa. Amma ya ce tafkin da mota ke iya kaiwa a wannan lokaci guda ne, shi ne na bayan gonar Baba, kuma shi ba zai yi ba. Na ce masa dama tun yana yaro ko kaza ce ta buɗe fukafukai sai ya ruga bayan Inna. Na ce ya zauna nan yana tsoron dabba har ya tsufa bai yi aure ba. Ya yi dariya, ya kira ni autar Inna, ya ce bakin nan nawa wata rana zai kai mu inda ba ma so. Washegari na shiga kasuwa a Tarauni na sayi kanwar da kaina, na ba direbanmu ya kai masa, shi kuma ya je ya zuba a tafkin.

Abin ya yi aiki, kuma da ma bai yi ba. Giwaye suka fara zuwa tafkin garke guda, baƙi na ɗaukar hoto, ni kuma ina tura hotunan a waya ina fankama. Wasu masu motocin suka gani, su ma suka fara zubawa. Da kaka ta kama dawa ta nuna, giwayen suka gane akwai abin da ya fi kanwa daɗi a tsallaken tafkin. Doka ta hana harbinsu, don haka manoma suka koma kaɗa gwangwani da ƙona tsumma. Wata rana bayan la'asar Baba ya shiga gonarsa yana kaɗa garwa, bai san wata mai ɗa tana cikin dawar ba. Ta ɗaga shi da hanci ta maka da ƙasa. A motar da ke kai baƙi aka kawo shi Kano, kwance a kujerar baya. Likitoci suka ce ƙashin bayansa ya karye, ba zai sake takawa ba.

Ma'aikatan daji sun je sun ɗauki hoton gonar, sun yi jaje, shi ke nan. Mutanen gari suka tsinci buhunan kanwa a bakin tafki, aka tara jama'a a ƙofar mai gari. Yayana ya miƙe ya ce shi kaɗai ya yi, ba wanda ya sa shi. Aikinsa ya tafi, garin ma ya gagare shi zama, yanzu adaidaita yake karɓa haya a Tarauni. Gonakin gefen daji duk an bar su, samarin sun watso birni dako. Daga baya aka tsinci wata giwa a mace, aka ce guba aka sa mata, hukuma ta zo ta kwashe yaran garin da dama. Ni na bar ofishin, amma har yau motarsu na tashi, kuma tallar da na rubuta ita suke turawa.

Baba yana kwance a ɗakin zauren gwaggona. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki, kullum yana shi min albarka, yana ce wa masu dubiya Allah ya ba shi 'ya mace da ta fi maza. In yayana ya shigo gaisuwa kuwa, sai ya juya fuska bango, ko sallamarsa da ƙyar yake amsawa. Na taɓa tare yayana a soro na ce wallahi yau sai na faɗa wa Baba ni ce na sa shi. Ya riƙe min mayafi, ya ce in na faɗa, hannun wa tsohon zai ci abinci? Ya ce Baba ya riga ya rasa ɗa ɗaya, kada in ƙara masa. Ya sa na rantse, na kuwa rantse. Duk albarkar da Baba ya shi min, ji nake kamar sata na yi.

Na koyi cewa gaggawar mutumin birni tana iya faɗa wa wanda bai ma san ana yi ba. Ku masu zuwa kallon dabbobi, in kun je ba ku ga giwa ba, ku yi haƙuri ku dawo gida, kada ku tayar wa kowa da hankali. In kuma kun gan ta tsaye dab da gari kamar an ajiye muku, ku tambaya gonar wa ke bayan wurin. 'Yan'uwana mata masu saurin baki irina, ku ji tsoron ranar da za a bi maganarku. Ni an bi tawa, ga shi ubana ba ya tashi, yayana kuma ba shi da uba.