Mai Tsaron Madatsar Zango

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Yuli, 1970, Allah Ya karɓi ran Malam Na'Allah Auta a zangon shanu na bayan garin Inugu, bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi tun farkon damina.

Malam, lebura ka zo Kudu, mu kuwa mahauta ne da fatake. Shekarar da rafin zango ya yi ambaliya ya tone mana kaburbura, kai ka ce a tare shi da ƙasa. Mun yi maka dariya, har muka laƙaba maka Sarkin Gara. Ba ka ji haushi ba, sai ka sa doka: kowa in ya fito masallacin Juma'a ya kawo kwando guda na jar ƙasa, kuma duk garken da za a kai mahauta a bi da shi ta kan tudun, kofato ya daɓe shi. A haka madatsar ta tashi. A gindinta na binne 'yata Zuliha, kuma ruwa bai taɓa kusantarta ba.

Da rikicin 1966 ya ɓarke muka cika motoci, kowa ta kansa yake yi. Ka ɗora maiɗakinka Tani da ɗanka Falalu, ka sauko. Na kama rigarka, ka ce, "Idrisu, damina ba ta ƙare ba. Masu rai suna da ƙafa. Waɗannan da ke kwance wa zan bar wa?" Na yi fushi da kai a ranar, na kira ka mai taurin kai.

Duk shekarun yaƙin basasa ban daina mafarkin ruwa ya tafi da yarinyar nan ba. Da muka dawo bana, zango ya zama kufai, amma madatsa na tsaye. Kai ma kana nan, ka rame har ban gane ka ba. Ugwuoke, tsohon manomin doya da ya ɓoye ka a rumbunsa, shi ya ba ni labari: da babu sauran saniya ko ɗaya a ƙasar, da taɓarya kake daɓe ƙasa, kai kaɗai, da yunwa a cikinka. Ka riƙe hannuna ka kai ni har inda Zuliha take, alhali ni ubanta na kasa gane wurin. Na yi kuka, kuma har yau ban san da bakin da zan gode maka ba.

Mun sa ka a gefenta. Da muka gama, Falalu ya kwance shanu ya bi da su ta kan tudun madatsar.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahama, Ya tsare makwancinka yadda ka tsare na mutanenmu. Tani da Falalu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Jama'ar zango kuma, gobe Juma'a ce, ruwa yana kan zuba. Kowa ya zo da kwandonsa.