Karatun Ofishari

Akwai abin da ke bayan sabuwar katangar Malam Halliru wanda duk Wudil mutum huɗu ne suka san shi, kuma na huɗun ba a gayyace shi ba. Zan faɗa muku. Amma ku dakata tukuna, don in na fara da ƙarshe cewa za ku yi na zuba gishiri, alhali kun san ni, ba na taɓa gishiri sai magana ta yi lami.

Malam Halliru masunci ne, ɗan masunci, jikan masunci. An ce ranar sunansa ma ragon ruwa aka yanka. A ƙarƙashin gadar nan ya girma, cikin jirgin da ya gada wurin ubansa, har kifin kogi ya san tarinsa. In ya yi gyaran murya a bakin ruwa, tarwadar da ke Lajawa sai ta nemi rami.

To wata rana ya ci wanka, ya fesa turare, ya shiga motar Kano. Wani mai jakar hannu ya zauna kusa da shi, ya sunsuna sau ɗaya, ya zaro hankici ya toshe hanci tun daga gada har Mariri. Halliru ya sauka, ya gama abin da ya kai shi. Da ya dawo gida ya ɗaga ɗansa Abdulbaƙi, lokacin yana rarrafe, ya ce wa matarsa Rahinatu, "Wannan ba zai yi ƙarnin kifi ba. Ofisa zai zama, shi ma ya riƙe hankici."

Haka kuwa aka yi. Yaro ya tashi bai san hanyar kogi ba. Ko ƙaya ce a miya, uban ne ke cire masa. Da ya gama sakandare ya samu jami'ar garin nan, Halliru ya sayar da jirgin. Jirgin gado fa. Ranar masunta suka riƙe baki har ƙuda ya shiga ya fita. Shi kuwa ya koma bakin titi yana saro kifi a hannun yaran da shi ya koya wa jefa koma, kansa a sama kamar wanda aka naɗa.

Ya tambayi yaron, "Me aka ba ka ka karanta?"

"Fisharis, Baba."

"Ofisharis. Alhamdu lillahi."

"A'a Baba, ba ofi..."

"Na ji. Daga shigarka yau za ka koya min Turanci? Ofis, ofisa, ofishari. Ai a fili take."

Yaro ya dubi fuskar uban, ya tuna jirgi, ya haɗiye sauran maganar. Tun daga nan duk wanda ya tsaya sayen kifi sai ya sha labarin ofishari kyauta. Direbobin Maiduguri sun sani, fatake masu kawo shanu ranar Juma'a sun sani. Rahinatu ce kaɗai ta lura cewa duk ranar da Abdulbaƙi ya zo gida yana ƙamshin sabulu, kyanwoyin unguwa ke rako shi har zaure. Ta faɗa wa mijin, ya ce farin jinin boko ne.

Ana saura shekarar ƙarshe, Halliru na turke da wani sa da yake kiwo don biyan kuɗin makarantar, sai ga wata malamar jami'a mai suna Deborah ta tsaya a teburinsa. Ta ce tana son manyan tarwada masu rai, mata, masu ciki, a kai mata makaranta. Halliru ya yi mamakin mai cin kifi da ke zaɓen jinsi, amma ya ga dama ta samu. Ya ɗauko babbar rigar Sallah, ya kafa hula, ya ɗora baho a bayan babur na haya, yau zai ga ofishin ɗansa.

Aka nuna masa hanya. Ya wuce dogayen gine-gine, ba a ce ya tsaya ba. Ya wuce gajeru. Sai hancinsa ya fara jin wani abu da ya sani tun yana goye. Ya sha kwana, ga kududdufai a jere, ga samari cikin ruwa har ƙugu suna jan koma. Na gaba-gaba, rungume da tarwada kamar jaririya, laka har gira, Abdulbaƙi ne.

Halliru ya tsaya. Hular ma da kanta ta zame.

Malama Deborah ta fito tana fara'a. "Au Baba, ashe ɗanka ne? Ai kaf ajin ba mai hannunsa. Kamar a ruwa aka haife shi."

"Baiwar Allah," in ji Halliru a hankali, "ofisharin nan, me ake nufi da shi?"

"Fisharis? Ilimin kifi ke nan, Baba."

"Kifi."

"Kifi."

"Wannan kifin dai na ruwa."

Ya ajiye baho, bai jira komai ba, ya taho gida a ƙafa, ya manta da mai babur. Waɗanda suka gan shi sun ce har gaisuwa aka yi masa a hanya ya amsa da "tarwada."

Da yamma ya yanke hukunci a tsakar gida. Sa ba ya zuwa kasuwa, karatu ya ƙare. "Na sayar da jirgi don a raba shi da kifi, ashe kai shi na yi a koya masa kifi da Turanci. Da na sani ai ni zan koya masa a banza, har da abincin rana."

Rahinatu ta ce, "To Malam, in ya bar karatun, a wane jirgin zai shiga?"

Halliru ya tashi ya shige ɗaki. Abinci ma ranar sai kallonsa ya yi.

Bayan 'yan kwanaki Abdulbaƙi ya shigo da baho, ya durƙusa ya ajiye gaban uban, ya koma gefe. Halliru ya kau da kai. Amma mutumin da ya tsufa yana leƙen ruwa, a ajiye masa ruwa ya ƙi leƙawa? Ya saci kallo. Da farko ya ɗauka datti ne. Sai dattin ya motsa. Wasu abubuwa ne kamar gashin ido, baƙi ƙirin, sun fi mutanen kasuwar Juma'a yawa.

"Uwa nawa ta zuba waɗannan?"

"Ɗaya, Baba. Cikin waɗanda ka kai. Allura muka yi mata."

"Allura. Kifin ake wa allura?"

"Eh, sai ƙwan ya nuna, mu tatse, mu ƙyanƙyashe."

Halliru ya yi salati. Ya tuna yadda ake wuni a kogi yanzu a dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Ya ƙura wa bahon ido, har Rahinatu ta leƙo ko ya suma a zaune. Can ya ce, ba tare da ya dubi yaron ba, "Me suke ci?"

Juma'ar nan sa ya tafi kara, kasuwar shanu. Satin da ya biyo aka ƙara wa katanga tsawo, aka daina barin kowa ya wuce zaure.

To ga sirrin naku. Magina sun bar bulo a jikin katangar ta waje, kuma ni ban ce su bari ba. Da hantsi na hau don in duba ko aikin ya yi kyau. Rami ne a tsakar gida an shimfiɗe shi da tamfal, cike da ruwa. Ga Malam Halliru zaune a bakinsa, ya naɗe tarwada a jiƙaƙƙen tawul a kan cinya yana lallashinta. "Yi haƙuri, baiwar Allah, yanzu za a gama. Ni ma ba a shawarce ni ba."

Abdulbaƙi na zuƙo magani a sirinji, ya ce, "Baba, har yanzu kana ganin asara aka yi?"

"Asara mana. Ka ci jirgi, ka ci sa, ka dawo ka fi kakanka ƙarni." Ya shafa kan tarwadar. "Sai dai kakan naka bai taɓa kawo kogi gida a baho ba. Soka a hankali, ba jaka ba ce. Kuma ka ji, a waje ofishari kake karantawa. Ka gyara wa wani, ni da kai ne."

Sai ya tsura wa ruwan ido, bai ko ɗago ba.

"Abdulbaƙi, kifin nan naku har da mai hula ake ƙyanƙyashewa?"

"A'a, Baba."

"To Tasi'u ne. Tasi'u, inuwarka ta rufe mana ruwa. Zagayo ta zaure. Kai kuma rage saura a allurar nan, ga wani can bakinsa ya cika da ƙwai, mu tatse kafin ya kai kasuwa."