Mai Yatsu Uku

A ɗakin karatun da ke tara littattafan ƙwadago, can ƙarshen kantocin littattafai, wani dattijo siriri yana zaune, gilashinsa ɗaure da zare. Aikinsa shi ne bai wa kowane littafi kalmar da za a neme shi da ita, kuma ba shi da ikon ƙirƙira, sai abin da ke cikin kundin kalmomin da aka amince da su. Da yatsu uku hannunsa na dama ke buga kwamfuta. Sauran biyun, ga alama, inji ne ya cinye su tun yana saurayi.

Yau rahoto ne a gabansa, kan wata masaƙa da injinanta ba su da murfi. Shugabarsa, sa'ar 'yarsa, ta leƙo.

"Baba, sabon kundi ya cire 'raunin aiki'. Sa shi a 'sakacin ma'aikaci'."

"Wanda inji ya yanke ya zo nema, ya tarar an ce laifinsa ne?"

"Ƙa'ida ce, Baba. Za su sallame ka fa."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya buga tsohuwar kalmar, harafi bayan harafi, sannan ya shimfiɗa mata hannun a kan tebur.

"'Yata, wannan fa? A ina kundin naku ya sa shi?"