Yawon Ƙafa a Tsohuwar Jidda

Inna ta rasu a Makka, bayan mun gama Umara. Ni na rako ta daga Daura, don ni ne babban ɗanta namiji. Zazzaɓi ne ya kama ta, ƙirji ya toshe, aka kai ta asibiti, ba ta fito ba. An yi mata salla a Harami tare da waɗansu mamatan da ban san ko su waye ba, aka ɗauke ta da sauri, ina biye. Kabarin ba shi da wata alama. 'Yan ayarinmu suna ta riƙe hannuna suna cewa ta dace. Ina cewa amin. Ban yi kuka ba. Ji nake kamar an cusa mini auduga a kunne, maganar mutane daga nesa take iso ni.

Jirginmu da sauran kwanaki. Da na buɗe jakarta don in haɗa kaya, sai na ga wani ƙulli na daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Wani ɗan'uwanta ta ɗauro wa a Jidda, ɗan ƙanen mahaifinta. Uban nasa tun yana saurayi ya bar Kwangwalam da ƙafa, ya nufi aikin Hajji ta Sudan, bai ƙara komawa gida ba. Inna ba ta taɓa ganin ɗan ba, muryarsa kawai ta sani a waya. Na rasa yadda zan yi da ƙullin, sai na shiga mota na kai masa.

Kawu tsoho ne siriri, da farar jallabiya. A Jidda aka haife shi, a nan ya yi tuƙin mota har ƙarfi ya ƙare. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, da Larabci tsamo-tsamo a ciki. Ya kwance ƙullin, ya kai daddawar hancinsa, sai hawaye. Na zauna ina kallonsa yana kukan matar da bai taɓa gani ba. Aka kawo shinkafa, na ci, ban ji ɗanɗanonta ba.

Bayan azahar ya dube ni ya ce, “Ɗana, zaman ɗakin nan ba zai yi maka ba. Tashi mu taka.”

Na sa takalmi.

Mun fara da wata tsohuwar ƙofar gari, wadda ya ce ta nan alhazai suke fita su kama hanyar Makka. Ƙofar tana tsaye ita kaɗai, motoci suna kewaye ta ta ko'ina.

Na ce, “Ganuwar fa, Kawu?”

Ya ce, “An rushe ta tun kafin a haife ni. Taku tana nan?”

Na ce saura guntaye, ruwan sama ya ci wani wuri, masu yin tubali sun ci wani. Ya gyaɗa kai, muka wuce.

Daga nan muka shiga lunguna. Gidajen dogaye ne, benaye bisa benaye, sun matse hanya har rana ba ta kai ƙasa. Iskar kuma mai danshi, rigata ta manne a bayana. Kawu ya tsaya jikin wani bango da yaɓensa ya zube, ya kama yatsana ya ɗora a kai. Dutsen fari ne mai ramuka, da ƙananan ɓawon halittun ruwa maƙale a ciki. Ya ce daga teku ake saro shi. Tsakanin jeri da jeri na dutsen an shimfiɗa itace, kamar yadda maginan garinmu suke jera azara. Na bar yatsana a cikin ramin har sai da ya ja ni.

Tagogin su ne abin da ya fi so in gani. Na katako ne, sun turo kai waje kamar ƙananan ɗakuna, an sassaƙa su kamar saƙa, waɗansu kore, waɗansu shuɗi, waɗansu fentin ya koɗe. Ya ce matan gida a ciki suke zama, suna ganin mai wucewa, shi ba ya ganin su, kuma a nan ake ajiye tulu iska ta sanyaya ruwa. Waɗansu gidajen an gyara su fes, baƙi suna ɗaukar hoto a ƙofarsu. Waɗansu sun karkace, an tokare su da ƙarfe, kyanwoyi suna shiga suna fita. Ina ganin komai sarai. Har yau zan iya zana tagogin nan. Amma a lokacin, da gidajen da kyanwoyin da ni kaina, duk ɗaya ne a wurina.

A bakin wani babban gida mai ƙofar itace ya ce, “Nan babana ya yi aiki. Ga-ruwa ne. Yakan hau da ruwa a kafaɗa har can sama, ya sauko, ya sake hawa.” Ya nuna mini matakalar ta wata kafa, siririya, mai duhu. “Kullum ya gaji sai ya ce ruwan nan ba ya kashe ƙishirwa, ba kamar na rijiyar Kusugu ba. Da gaske har yanzu akwai ruwa a rijiyar?”

Na ce, “Akwai. An gina mata ɗaki, baƙi suna zuwa a ɗebo musu da guga.”

“Kai kana sha?”

Na ce rabona da ita tun muna 'yan firamare, da aka kai mu ziyara. Ya yi dariya, ya ce shi ma sai ya yi baƙo yake shigowa lungunan nan.

La'asar ta same mu kusa da wani tsohon masallaci. Sai an gangara ake shigarsa, don hanya ta yi ta tashi ta bar shi a ƙasa. Muka yi salla. Na ɗaga hannu na yi wa Inna addu'a, kalmomin suna fita daidai, kamar ina biya karatun allo. Muna fitowa waya ta yi ƙara. Yayata ce daga Daura. Ina jin hayaniyar mata a bayanta, gida ya cika da 'yan gaisuwa, har dangin Mai'adua sun iso. Tana magana tana shessheƙa.

Ta ce, “Kana ina yanzu?”

Na ce, “Ina Jidda, Yaya. Ina kallon gidaje.”

Sai ta ce, “Ka ci abinci dai?” Na ce na ci. Ta ce Allah ya dawo da ni lafiya, ta kashe.

Kawu ya bi da ni ta jikin wata doguwar katanga, ya ce maƙabarta ce, kuma mutanen garin suna cewa a nan uwarmu ta farko, uwar bil'adama duka, take kwance, Allah ne masani. Ya ɗan dakata yana duban fuskata. Na san abin da yake jira. Na dubi katangar, siminti ne da farin fenti. Na ce Allah ya jiƙan musulmi, muka ci gaba.

Muka fito wani fili mai kwalta, cike da motoci a ajiye. Ya buga ƙafa a ƙasa ya ce da can ruwan teku har nan yake kawowa, kuma nan kusa jirgin ruwan da ya ɗauko babansa ya sauke su, ba su da komai sai buta da tabarma. An cike wurin da ƙasa, an tura tekun baya. Ya ce zuwa bakin tekun yanzu da nisa, ko mu hau mota? Na ce mu taka. Ba don ina son ganin teku ba, tsayawar ce ba na so.

Mun yi tafiya mai tsawo a gefen titi, tsohon yana haki, yana hutawa jikin turakun fitila. Da muka isa, rana ta yi ja. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Ruwa ne har iyakar gani, mai launin toka, yana bugun duwatsu a hankali, da ƙarni-ƙarnin kifi. Iyalai sun shimfiɗa darduma suna shan shayi.

Kawu ya ce, “Ɗana, dubi ƙafarka.”

Na duba. Igiyar takalmin ta yanke ni a tsakanin yatsu, jini ya bushe har dunduniya. Ban san lokacin da abin ya faru ba. Ya sa na zauna, ya sayo ruwan gora, ya tsuguna da kansa ya wanke mini. Na ce ya bari, ya ce in yi shiru. Ina kallon furfurar kansa har ya gama. Muka zauna har aka kira magariba, sannan ya tsayar mana da mota.

Na koma Daura da jaka biyu. Yaya ta buɗe ta Inna, ta rarraba dabino da zamzam ga masu zuwa gaisuwa. Ni kuwa na zauna a zaure, ana shigowa ana fita, ana tambayata yadda aka yi, ina maimaitawa da kalmomi iri ɗaya har suka zauna a bakina. Da aka watse, ranar Litinin na koma makarantar da nake koyarwa. 'Yan aji suka miƙe suka ce, “Sannu da zuwa, Malam.” Na ce su zauna. Na tambaye su inda muka tsaya, wata yarinya ta faɗa mini, na ɗauki alli.