Kwikwiyon da Madam Ta Bar Mini

Lokacin ina komi, wato magatakarda, a wani biro, ofishin gwamnati, a Damagaram. Ana ta raɗe-raɗin ƴancin kai, amma shugabanmu Bafaranshe ne tukuna. Wata safiya ya kira ni, na tarar da matarsa zaune da kwando a cinya. Ɗan kwikwiyo ne a ciki, ja, kunnuwa sun yi masa yawa. Uwarsa karyar Turawa ce, ubansa kuwa wani karen farauta da ya tsallako musu katanga.

Madam ta ce za su tafi hutu Faransa wata huɗu, ni zan riƙe shi, in kuma koya masa kada ya yi kashi ko fitsari a ɗaki. Har takarda ta rubuto: a fitar da shi da zarar ya farka, a fitar da shi bayan ya ci, kada a buge shi. Na buɗe baki zan ce haya nake, mijin ya riga ni.

"Na san ba za ka ba ni kunya ba."

Shi ya ɗauke ni aiki. Na karɓi kwando.

Ɗaki guda gare ni a unguwar Zango, a gidan wani dattijo Bakano mai fataucin fatu. Na shigo da kwandon lulluɓe da tsohuwar riga, kamar ɓarawo. Kafin la'asar ya jiƙa mini tabarmar salla. Na wanke na shanya. Washegari ya yi a kan takalmina.

Daga nan sai na zama ba ni da kaina. Da an tashi hutun rana in hau keke in sheƙo gida, in tarar ya riga ya ɓata ƙasa, in kwashe, in zuba toka, in wanke hannu, in sauya wando in koma aiki ban ci komai ba. Abokaina suka gaji da jirana wurin shan shayi. Innata ta aiko daga Gidimuni cewa dabino ya nuna, in zo. Na ce aiki ya yi yawa. Wa zan bar wa kare? Wane direba zai ɗauke ni da shi?

A kwana na tara maigidan ya tsaya bakin ƙofata.

"Malam, ni mai fata ne, na san wari iri-iri. Wannan ba nawa ba ne. Me ka ajiye?"

Na ɗaga labule. Ya daɗe yana kallon kwikwiyon da ke tauna igiyar bokitina.

"Baba, amana ce. Na shugabana ne. In na ƙi, a bakin aikina ne."

"Inna lillahi. To ka ji. Kada ya shiga cikin gida, kada ya kusanci randa ko butata. Akwai kango a baya, can za ka riƙa kai shi."

Haka na yi. Sau biyar, sau shida a yini ina ɗauke da shi zuwa kusurwa guda a kangon nan, in ajiye shi in tsaya. Shi kuwa ya bi ƙadangare, ya shinshina dutse, ya kwanta. Ni ina tsaye cikin rana da farin wandon aiki ina lallashin kare, mata masu zuwa rijiya suna rufe baki da gyale. Wani lokaci mu dawo bai yi komai ba, muna shiga ɗaki ya tsuguna. Sau ɗaya na ɗaga takalmi. Ya lafe a ƙasa yana rawar jiki, sai na ajiye.

A cikin wata na biyu, ina cin tuwo, na ji ana karce ƙofa. Shi ne, yana waiwayena yana ƴar ƙara. Na buɗe, ya ruga kango da kansa. Na yi murna ƙwarai, har na ji kunyar murnar, don ba wanda zan iya gaya wa.

Wata huɗu suka cika, sai wasiƙa ta zo maimakon su. An mayar da mijin wata ƙasa, ba za su dawo ba. Madam ta rubuta cewa ta bar mini shi kyauta.

Na kai shi wurin wani mafarauci a ƙauyen Gaffati, ya dubi gajerun ƙafafunsa ya yi dariya. Dattijon da nake haya a gidansa ya ce in kai shi daji in sake shi. Ran Lahadi na sa shi a kwando na bi hanyar Takeita har gidaje suka ƙare, na sauke shi gindin wata ƙaya, na hau keke. Da na waiga yana zaune inda na ajiye shi, bai ko biyo ni ba, jira yake in ce mu tafi. Na juya na ɗauko shi.

Ya shekara bakwai tare da ni. Sau biyu na samu ɗaki mafi kyau a unguwar Birni, masu gidan suna jin da kare suka ce an riga ni. Ranar da kawuna ya je nema mini aure ma, abin da uban yarinyar ya fara tambaya shi ne ko ni ne komin nan mai kare.