Hitar Inna Dudu da Firijin Rigakafi

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ke riƙe da duniya. Ni dai da na yi ritaya a aikin wutar sola, na tsaya a kan uku: bolt, amfiya da om. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wadda ke gudana, om kuwa taurin kan abin da take bi. Malam Bukar, wanda ya koyar da mu a makarantar sana'a, ya sha cewa wanda ya san biyu bai da hujjar jahiltar na uku. Allah ya jiƙansa.

Har gobe ina tuna ranar da aka tura ni daga Azare zuwa wani ƙaramin asibiti a wajen Udubo. Batiran sola suna mutuwa kafin azahar, firijin allurar rigakafin yara yana ɗumama, ga shi ana shirin fita rigakafi a ƙauyuka. Allurar nan in ta ji zafi, ta zama ruwa kawai. Ogana ya ce in kwaso batiran, sun tsufa. Madam Rifkatu, shugabar asibitin, ta tare ƙofa ta ce ba inda za su sai na gwada, don in na tafi da su firijin ya zauna a kan me?

Na sa mita. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, tana ba da bolt 220. Firiji yana jan rabin amfiya. In ka ninka bolt da amfiya, cin wutarsa wat 110 ke nan, abin da batiran za su ɗauka suna hamma. Na zare firijin, sai mita ta nuna har yanzu ana jan amfiya biyar. Na ninka: wat 1,100. Na raba 220 da biyar: om 44. Wannan ba ƙwan fitila ba ne, ba cajin waya ba. Abu ne mai yin zafi.

Na bi waya har bayan ɗakin haihuwa. Can na tarar da Inna Dudu, tsohuwar ungozoma, ta tsoma hita a bokiti tana dafa wa wata mai jego ruwan wanka. Ba ɓoyewa suke ba, kowa ya san da hitar. Sun dai auna ta da ido ne: ba ta kai tafin hannu ba, firiji kuwa ya kai ƙirjin mutum. Na bayyana musu cewa ita kaɗai tana cin abincin firiji goma.

Inna ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, da ruwan randa aka yi wa uwarka wankan jego?"

Na ce a'a, Inna, amma a murhu aka dafa shi.

Madam ta yi dariya har da riƙe bango. Kafin la'asar mazan unguwa sun girka murhu, firijin ya koma sanyinsa, allura ko ɗaya ba ta lalace ba.

Ku matasa, ku gwada kafin ku kwance. Ina gode wa Malam Bukar da ya dasa mini lissafin, da Madam da ta tare ƙofa. Wannan shi ne aiki mafi girma da na yi da ilimin lantarki, kuma har yau da icce ake dafa ruwan.